Karkarwar Hoton Bidiyo: Matsalar Jerin Zubi da Yadda Ake Magance Ta

Sau da yawa akan sami mai tace hoto ya shafe kwana da kwanaki a gaban kwamfuta yana haɗa shiri, ya yanke nan ya liƙa can, ya daidaita sauti, sannan ya kalli aikinsa daga farko har ƙarshe bai ga wani aibu ba. Amma ranar da aka saka shirin a akwatin talabijin sai labari ya sha bamban. Muddin mutanen cikin hoton suna zaune shiru, komai lafiya lau. Da zarar wani ya ɗaga hannu, ko mota ta gitta, ko mai ɗaukar hoto ya juya kyamara, sai hoton ya kama karkarwa kamar mai jin sanyi, har idon mai kallo ya gaji cikin 'yan mintoci. Wasu sukan ɗora laifin a kan faifai, wasu a kan wutar lantarki, wasu kuwa su ce kyamarar ce ta tsufa. Galibi dai ba a nan gizo yake saƙar ba.

Asalin wannan cuta yana cikin wata dabara da injiniyoyin talabijin suka ƙago tun wajen shekarun 1930, wato dabarar raba kowane hoto gida biyu a aika da shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fahimci wannan dabara zai iya gano cutar cikin minti biyar, ya kuma yi maganinta ba tare da ya ɓata hoton ba. Wanda bai fahimce ta ba yana iya lalata shirin da ba za a sake samun irinsa ba.

Yadda Talabijin Yake Zana Hoto

Kamar yadda aka sani, babu hoto mai motsi a zahiri. Abin da ake yi shi ne a jero hotuna tsayayyu da sauri, ido ya haɗa su ya ga kamar motsi ne. A silima hotuna 24 ake nunawa a kowane sakan. To, amma idan haske ya riƙa kawowa yana ɗaukewa sau 24 kawai a sakan, ido zai ga allon yana ƙiftawa. Saboda haka aka tsara majigin silima ya haska kowane hoto sau biyu, ya zama haske 48 ke nan a sakan, ƙiftawar ta ragu ƙwarai.

Akwatin talabijin irin na da, mai tulun gilashi a bayansa, ba ya iya ajiye hoto balle ya maimaita shi. Wani siririn tsinken lantarki ne yake fitowa daga bayan tulun, ya bi cikin allon daga hagu zuwa dama yana zana layi, ya sauko ya zana wani, har ya kai ƙasa. Duk wurin da ya taɓa sai ya yi haske na ɗan lokaci ƙanƙane ya dushe. Ke nan abin da tashar ta aiko a wannan lokacin, shi ne kaɗai akwatin zai zana. Idan aka aiko cikakkun hotuna 25 a sakan, allon zai riƙa ƙiftawa. Idan kuwa aka ce za a aiko cikakkun hotuna 50, to sai an ninka yawan saƙon da ake turawa ta iska, abin da yake da tsada da wahala a wancan zamani.

Dabarar Saƙa

Mafitar da aka samu tana kama da aikin manomin da yake shuka gero da wake a gona ɗaya. Ya bi kunya ta 1, ya tsallake ta 2, ya bi ta 3, ya tsallake ta 4, har ƙarshen gona, sannan ya dawo farko ya cike kunyoyin da ya tsallake. Haka tsinken lantarkin yake yi. A zagayen farko ya zana rabin layukan yana tsallake ɗaya-ɗaya, a zagaye na biyu ya cike gurbin da ya bari. Kowane zagaye shi ne a nan za a kira zubi, zubi biyu kuwa su ne suke saƙuwa su ba da cikakken hoto guda, wanda ma'aikata suke kira firam. Ta haka allon yake samun haske sau 50 a sakan, alhali yawan saƙon bai wuce na hotuna 25 ba.

Fritz Schröter na kamfanin Telefunken a Jamus ya yi wa irin wannan dabara rajista a 1930, Randall Ballard na kamfanin RCA a Amurka kuma ya nemi tasa rajistar a 1932. Lokacin da BBC ta buɗe tasharta a Alexandra Palace da ke Landan a watan Nuwamba na 1936, tsarin Marconi-EMI mai layuka 405 da ta yi amfani da shi saƙaƙƙe ne, mai zubi 50 a sakan. Amurka ta tsayar da nata tsarin na NTSC a 1941, mai layuka 525 da zubi 60 a sakan, wanda aka ɗan rage zuwa 59.94 da aka shigo da kala a 1953. Yawancin Turai kuwa ta koma layuka 625 da zubi 50, a kansu kuma aka ɗora tsarin kala na PAL da na SECAM, waɗanda aka fara watsa shirye-shirye da su a 1967. Bambancin 50 da 60 ya samo asali ne daga bugun wutar lantarkin kowace ƙasa.

Talabijin ya iso Nijeriya ta Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962. Da kala ta zo, Nijeriya ta bi PAL, Nijar ta bi SECAM, amma dukansu layuka 625 ne da zubi 50. Mai lura zai ga cewa 625 ba ta rabuwa biyu daidai. Da gangan aka yi haka: kowane zubi yana da layuka 312 da rabi, wannan rabin layin kuwa shi ne yake sa zubi na biyu ya faɗo daidai tsakanin layukan na farko.

Akwai wani abu guda da ya wajaba a riƙe, domin a kansa duk matsalar ta rataya. Kyamarar bidiyo mai saƙa ba ta ɗaukar hoto guda ta tsaga shi biyu. Zubin farko ta ɗauke shi a wani lokaci, na biyu kuma bayan kashi 1 cikin 50 na sakan. A tsakanin nan hannun da aka ɗaga ya ƙara gaba, motar da take tafiya ta ƙara matsawa. Wato firam ɗaya lokuta biyu ne dabam-dabam a cikin ambulan guda.

Wane Zubi ne Gaba?

A zamanin da hoto yake tafiya kai tsaye daga kyamara zuwa iska ko zuwa kaset irin na VHS, zubi yana bin zubi ne kamar ayarin raƙuma, babu yadda na baya zai tsallake na gaba. Matsalar ta kunno kai ne da aka fara mayar da hoto lambobi ana ajiye shi a kwamfuta. Ƙa'idar duniya ta 1982 da ake kira Rec. 601 ta tsayar da ɗigo 720 a kowane layi, a ƙasashen da suke da layuka 625 kuma layuka 576 ne suke ɗauke da hoton. Kwamfuta takan haɗa zubi biyu ta ajiye su a matsayin firam ɗaya mai layuka 576, kowane zubi da layuka 288. Zubin da yake da layin can sama, wato layi na 1, 3, 5 har ƙasa, shi ake kira zubin sama. Mai layi na 2, 4, 6 kuwa shi ne zubin ƙasa. Kada sunayen su ruɗi mai karatu: kowane zubi ya mamaye allon daga sama har ƙasa, tazarar layi ɗaya ce kawai a tsakaninsu.

To, idan aka zo nuna firam ɗin, wanne za a fara fitarwa? Duban layukan kawai ba ya ba da amsa. Dole fayil ɗin ya ɗauki wata alama da take cewa "sama ne farko" ko "ƙasa ne farko". Abin takaici, masu ƙera na'urori ba su yi ittifaƙi a kan tsari ɗaya ba. Tsarin DV da ya fito a 1995, wanda ƙananan kaset na MiniDV suke amfani da shi, ƙasa ne farko, ko a ƙasashen PAL ko a na NTSC. Manyan na'urorin gidajen talabijin na PAL masu layuka 576 kuwa, galibinsu sama ne farko. Hoto mai layuka 1080 na zamani, idan saƙaƙƙe ne, shi ma sama ne farko. Faifan DVD yana karɓar kowanne, muddin alamar ta dace da abin da ke ciki. Kaset na VHS ba shi da alama ko kaɗan. Na'urar da ta kwafe shi zuwa kwamfuta ita ce take yanke yadda za a haɗa zubin biyu-biyu. Saboda haka mai tace hoton da ya tara kayan aiki daga wurare uku yana iya samun kansa da tsari biyu masu karo da juna a cikin shiri ɗaya.

Taku Uku Gaba, Ɗaya Baya

Domin a ga abin da yake faruwa idan alamar ta saɓa wa gaskiya, sai a ɗauki misalin ɗan acaɓa da ya gitta gaban kyamara, yana matsawa ɗigo 10 a kowane zubi. A zubi shida na farko zai kasance a ɗigo na 0, 10, 20, 30, 40 da 50. Kwamfuta ta ajiye su biyu-biyu: 0 da 10 a firam na farko, 20 da 30 a na biyu, 40 da 50 a na uku. Idan na'urar nunawa ta fara da zubin da ya kamata ya zo na biyu, abin da mai kallo zai gani shi ne 10, 0, 30, 20, 50, 40. Wato babur ɗin ya ja baya ɗigo 10, ya yi tsalle gaba ɗigo 30, ya sake ja baya 10, ya sake tsalle 30. Wannan kai-komo yana faruwa sau 25 a kowane sakan. Ido ba zai iya bin sa ɗaya-ɗaya ba, sai dai ya ga abin yana karkarwa, gefensa kamar mai inuwa biyu. Abin da ba ya motsi kuwa wuri ɗaya yake a kowane zubi, shi ya sa bango da kujera suke zama lafiya.

Akwai wata cuta mai kama da wannan da ya kamata a bambance. Wani lokaci na'urar kwafi takan ajiye layukan a gurbin juna, abin da ya kamata ya zauna a layi na 1 ya koma na 2, na 2 ya hau na 1. Alamar wannan ita ce ko hoton da ba ya motsi yakan lalace: gefen rufin kwano, ko igiyar da ta karkata, ko zagayen faranti, duk su yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Ta farko rikicewar lokaci ce, ta biyu rikicewar wuri, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Me ya sa mai tace hoton bai ga komai a kwamfutarsa ba? Dalili shi ne allon kwamfuta ba ya saƙa. Yakan nuna zubi biyun tare a lokaci guda, sai gefen abu mai motsi ya yi zane-zane kamar haƙoran mataji. Wannan zanen ba aibu ba ne, haka saƙaƙƙen hoto yake idan aka tsayar da shi, kuma kamanninsa ɗaya ne ko jerin daidai yake ko a juye. Wasu manhajojin ma zubi ɗaya kawai suke nunawa a ƙaramar tagar aiki. Talabijin na bango na zamani shi ma ba ya saƙa, amma yana da na'ura a ciki da take warware zubin ta nuna su ɗaya bayan ɗaya, kuma da alamar take dogara. Idan alamar ƙarya ce, sai ya nuna karkarwar kamar yadda tsohon akwati zai nuna.

Yadda Ake Gano Gaskiyar Jeri

Matakin farko shi ne a karanta alamar. Manhajar MediaInfo, wadda kyauta ce, takan faɗi ko fayil saƙaƙƙe ne da kuma zubin da ya ce shi ne farko. Sai dai alama da'awa ce kawai, tana iya zama kuskure, wasu fayilolin ma ba su da ita sam. Gani ya kori ji.

Mataki na biyu shi ne a gwada da ido. A nemi wurin da wani abu yake tafiya daga gefe zuwa gefe ba tsayawa, kamar mota ko mai tafiya a ƙasa. A umarci manhaja ta warware zubin, kowanne ya zama hoto mai zaman kansa, ya zama hotuna 50 a sakan. Sannan a riƙa matsawa hoto ɗaya-ɗaya. Idan abin yana ci gaba ta fuska ɗaya, jerin da aka zata daidai ne. Idan yana gaba yana baya, to a juye yake. Ɗan motsin sama da ƙasa na layi ɗaya da za a gani ba abin damuwa ba ne, tazarar da ke tsakanin zubin biyu ce. Manhajar FFmpeg tana da wani ma'auni mai suna idet da yake duba layukan kansu ya ƙirga firam nawa ne suka yi kama da sama-farko, nawa ne ƙasa-farko. Wanda kuma yake da tsohon akwatin talabijin mai aiki, kada ya yar da shi, domin babu alƙalin da ya fi shi a wannan shari'a. Gwajin nan a kan kowane kaset ko fayil ake yin sa tun kafin a fara yanka, ba a kan shirin da aka gama haɗawa kaɗai ba.

Magani

Idan layukan lafiya suke, alamar ce kawai ta yi kuskure, to aikin mai sauƙi ne: a gyara alamar, ko a shaida wa manhajar tace hoto yadda za ta fassara fayil ɗin. Ba a taɓa hoton kansa ko kaɗan.

Idan kuwa hoton da gaske ƙasa-farko ne, alhali shirin da za a saka shi ciki sama-farko ne, sauya alama ba zai wadatar ba, shi ne ma zai haifar da karkarwar. A nan hanya biyu ce. Ta farko ita ce a ɗaga hoton gaba ɗaya sama da layi ɗaya tak. Layi na 2 ya zama na 1, na 4 ya zama na 3, sai zubin da aka fara ɗauka ya koma zubin sama, lokaci da wuri duk su daidaita. Asarar da aka yi layi ɗaya ce a gefen da ba mai lura da shi. Wannan ita ce hanyar da matatar fieldorder ta FFmpeg take bi. Hanya ta biyu ita ce a jefar da zubin farko na shirin, a sake haɗa sauran biyu-biyu. Ita ma tana aiki, amma hoton zai goce wa sauti da kashi 1 cikin 50 na sakan, kuma idan an riga an yi yanka, kowace mahaɗa za ta faɗo tsakiyar firam, a sami firam mai ɗauke da rabin fitowa ɗaya da rabin wata. Musanya layukan da juna kuwa, ba a yin sa sai an tabbata cewa cutar haƙoran zarto ce. In ba haka ba, an sayi sabuwar cuta ne da kuɗin magani.

Daga nan ma za a fahimci yadda mutum yake jawo wa kansa matsalar ba da saninsa ba. Wanda ya datse baƙin gefen saman hoto da layi 1, ko 3, ko 5, ya juya jerin ke nan. Datsa da matsarwa a tsaye, da layuka bibbiyu ake yin su.

Shirin da intanet kawai za shi, gara a warware saƙar gaba ɗaya, tun da waya da kwamfuta ba sa saƙa. Matatu irin su bwdif da QTGMC sukan cike layukan da suka ɓace a kowane zubi su mai da shi cikakken hoto, a sami hotuna 50 a sakan, motsi ya fito sumul. Amma su ma sai an gaya musu jerin gaskiya. Wanda ya rage zuwa hotuna 25 zai ga karkarwar ta ɓace, sai dai ya zubar da rabin motsin da kyamara ta ɗauka.

Kuskuren da ba shi da gyara shi ne a ƙara ko a rage tsawon saƙaƙƙen hoto ba tare da an raba zubin ba. Manhaja za ta gauraya layi da maƙwabcinsa, wato ta dama lokuta biyu wuri guda, gefen duk abu mai motsi ya zama kamar igiyar ruwa. Bayan haka babu matatar da za ta mayar da su yadda suke. Sai dai a koma kan kaset na asali, idan yana nan.

Abin da Yake Cikin Haɗari

Saƙa tana kan hanyar ƙarewa. Ƙa'idar hoto mafi girma ta 2012, wato Rec. 2020, ba ta tanadi saƙa ba ko kaɗan. Amma abin da aka ɗauka cikin shekaru fiye da 50 yana nan a saƙe. Fina-finan bidiyo na Hausa, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kan kaset aka ɗauke su, daga baya kuma kyamarorin MiniDV suka shigo. Haka wasannin kwaikwayo na gidajen talabijin, da hawan salla, da karatun malamai, da hirarrakin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. Faifan VCD da ya yi tashe a kasuwa bai fallasa matsalar ba, domin layuka 288 kawai yake ɗauka, ba ya kuma saƙa. Yanzu da ake kwashe waɗannan kaset zuwa kwamfuta ne take fitowa fili.

Lokaci kuwa ba ya jira. Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura da laima, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da yake ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Wani kaset ɗin sau ɗaya kawai zai yarda a kwafe shi. Saboda haka ƙa'idar da masu adana kayan tarihi suke bi ita ce: a kwafi hoton yadda yake a saƙe, da cikakkun layukansa 576, a gwada jerin zubinsa, a rubuta sakamakon a jikin fayil da kuma a littafin ajiya, sannan a adana wannan kwafin ba tare da an taɓa shi ba. Duk wani gyara, ko warwarewa, ko ƙara girma, a kan kwafi na biyu ake yin sa. Kaset na asali kuma ba a zubar da shi don an ga hoto ya fito a allon kwamfuta, sai an kalli wurin da wani abu yake motsi, zubi bayan zubi, an tabbata yana tafiya gaba.